Fiton Tukunya a Bakin Magariba

Rana ta riga ta yi ja a bayan dogayen gine-gine lokacin da Sista ta hawo matakalar benen, jaka a kafaɗa, ledar nama a hannu. Sista kowa ke ce mata, saboda aikin jinya da take yi a ɗakin yara na asibiti. A gida kuwa Umma ce. Tun asuba take tsaye, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi, amma ko zama ba ta yi ba, ta wuce kicin.

A hawa na uku suke zaune, ita da maigidanta direban bas, da mahaifiyarsa da ake kira Kaka, da 'yarsu Auta mai shekara goma sha huɗu. Yayan Auta yana wani gari yana karatu. A da can, abincin dare ba ya sauka a gidan sai an gama lallashin ciki, Auta na gyangyaɗi a kan faranti, maigida ya fita aiki da yunwa. Shi ya sa ya sayo mata tukunyar firesha: mai murfin da ake murɗawa ya kulle, da roba a bakinsa, da ɗan ƙarfe mai nauyi a ka, wanda ke rawa yana fito idan tururi ya cika. Wake da nama da ke cinye yamma guda, yanzu kafin Sista ta yi wanka ta sauya kaya sun yi lugub.

Kaka dai ba ta taɓa son tukunyar ba. Ita da ko ruwan firji ba ta sha, sai na tulun da ta ajiye a ɗakinta.

"Ni tun da nake ban taɓa ganin tukunya mai baki ba," in ji ta daga bakin ƙofa. "Abu na fito a tsakar gida kamar ɗan tasha."

"Amma naman kina cinye shi tas," Auta ta ce. "Ke da ba ki da haƙori."

"Ja'ira. Haƙorana uku sun fi naki talatin aiki."

Ran nan maigida na da aikin yamma, har ya sa takalmi yana duba agogo. Tukunya ta yi fito, ta ƙara. Sista ta kashe wuta. Ka'ida ita ce a bar ta ta huce da kanta, to amma babu lokaci. Sai ta ɗauki cokali ta ɗaga ɗan ƙarfen, ta karkata tukunyar don kada tururin ya same ta. Ko bisimillah ba ta yi ba, hankalinta na kan faranti. Tururin ya fita da ƙarfi, fari tas, ya nufi lungun da ke tsakanin taga da kabad, inda ba a ajiye komai.

Daga cikin lungun aka yi ƙara. Siririya ce, gajera, kamar an taka ɗan kyanwa. Sannan aka ji sawun ƙananan ƙafafu a kan tayil. Bokitin shara ya kife. Ƙofar kicin ta bugu da bango, kamar wani ya yi karo da ita a guje.

Sista ta tsaya da cokali a hannu. Ba kowa a kicin ɗin sai ita. A waje ladan ya fara kiran magariba, inuwa ta cika ɗakin.

"Mene ne ya faɗi?" maigida ya tambaya daga falo.

"Ba komai," ta ce. "Ina jin ɓera ne."

Aka ci abinci. Naman ya yi daɗi. Ba wanda ya sake maganar.

Washegari da faɗuwar rana, tsakuwa ta farko ta faɗo. Suna zaune a falo, tagogi a rufe, sai ga ta ta faɗo daga silin, ta yi tsalle a kan tebur. Ta biyu ta fasa kofi. Maigida ya tashi ya duba sama, babu rami, babu tsaga. Ya leƙa ƙasa ko yaran unguwa ne, alhali ya san babu hannun da zai jefo tsakuwa hawa uku ta ratsa gilashi ba ta fasa shi ba. Da ya ɗauki ɗaya, sai ya yar da sauri. Zafi gare ta, kamar daga wuta aka ciro ta.

Haka abin ya zauna musu. Da rana gida lafiya lau. Amma da zarar hasken taga ya fara disashewa, sai shiru ya sauka, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Sai tsakuwa. Sai kuma fito. Ba daga tukunya ba, daga bayan tagar kicin, inda babu baranda, babu wurin taka ƙafa. Dogon fito ne mai hawa da sauka, a yi shi, a saurara, a sake yi, kamar mai kiran wanda ya ƙi amsawa.

Wata yamma Sista ta zuba wake da hannunta, ta kulle murfi, ta tsaya a kan tukunyar ba ta gusa ba har ta yi fito. Da ta huce ta buɗe, babu ƙwayar wake ko ɗaya. Tsakuwa ce fal, tana tururi.

Maigida ya sa tukunyar a leda, ya kai ta can bayan gari inda ake zubar da shara. Da ya dawo ya tarar da ita a kan murhu, a wanke, murfi a kulle. Babu wuta a ƙarƙashinta, amma ɗan ƙarfen yana rawa a hankali.

Kaka ta daina tsokana. Ta koma ɗakinta, ta ƙara yawan karatun da dama ba ta rabuwa da shi safe da yamma. Ɗakin nata ne kaɗai tsakuwa ba ta taɓa faɗawa ba.

Sannan abin ya juya kan Auta.

Da fari cin abinci ta rage. Sai ta daina dariya. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma zama a gefe, tana shafa kuncinta na hagu. Sista ta taɓa wurin, ta ji shi da zafi rau kamar gefen murhu, alhali ɗaya kuncin sanyi ƙalau. Ta kai ta asibitinsu, aka ɗebi jini, aka yi hoto, likitocin da take aiki da su suka ce ba su ga komai ba. Ta dawo da takardun a jaka, ta kasa kallon fuskar maigidanta.

Ranar da abin ya fito fili, Sista ta dawo ta tarar da gidan duhu, ba a kunna fitila ba. Auta na tsaye a tagar kicin, ta ba ta baya. Fito take yi. Dogon fiton nan mai hawa da sauka. Ita da tun tana ƙarama yayanta ke mata dariya don ba ta iya fito ba.

"Auta," Sista ta kira a hankali.

Yarinyar ta juyo. Idanunta a buɗe, amma babu ita a cikinsu. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwar mace ce, busasshiya, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

"Ba ta nan. Sai kin ba ni nawa."

Sista ta ƙwalla ƙara, yarinyar ta fara fizge-fizge. Maigida da Kaka suka riƙe ta da ƙyar, ƙarfinta ya fi na ƙato.

Akwai wani malami da maigida ya sani, dattijo ne mai koyarwa a wata makaranta, yakan shiga bas ɗinsa da safe. An san shi da ilimi, da kuma yi wa masu irin wannan lalura karatu. Ya zo bayan la'asar, siriri, mai farin gemu da tabarau, babu komai a hannunsa sai gorar ruwa. Bai nemi ganin yarinyar ba tukuna. Ya zauna ya sa aka ba shi labari daga farko, bai katse kowa ba. Da Sista ta zo kan lungun da ƙarar, muryarta ta karye.

"Na ce ɓera ne, Malam. Amma raina ya san ba ɓera ba ne."

Malam ya shiga kicin, ya daɗe yana kallon lungun. Sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a falo, a kawo Auta, kowa ya yi alwala.

"Abu ɗaya zan gaya muku," ya ce. "Aljanu ma halittu ne kamar mu. Akwai mai gaskiya a cikinsu, akwai maƙaryaci. Duk abin da kuka ji, kada wanda ya yi alkawarin komai sai na yi magana."

Ya fara karatu rana na sauka. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Hasken taga ya koma ruwan toka. Tsakuwa ta fara zuba a kewayen tabarmar, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa kowa ba. A kicin tukunya ta ɗauki fito. Malam bai ɗaga kai ba. Jikin Auta ya sandare, yatsunta suka dunƙule, sai ta saki wani nishi mai tsawo.

"Ya isa," muryar ta ce. "Ka ƙone ni ya isa. Gidan nan ba ku iya komai ba sai ƙona mutane."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce ni."

"Me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

Tukunyar ta yi tsit. Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa.

"Ɗana ba ya gani. Haka na haife shi. Da yamma yakan fita wasa, in rana ta faɗi sai in yi masa fito, ya bi sautin ya dawo gare ni. Tun kafin a gina gidan nan haka muke. Sai waccan ta kawo ƙarfenta mai kwaikwayon bakina. Ya ji fito, ya ɗauka ni ce. Ya biyo shi har lungun can, ya tsaya yana jirana." Kan Auta ya juya a hankali ya fuskanci Sista. "Ta watsa masa wuta a fuska."

Sista ta toshe bakinta da mayafi.

"Ya mutu ne?" Malam ya tambaya.

"Da ya mutu da na sani. Gudu ya yi. Tun ranar nake kiransa. Yana jin fito yanzu sai ya ƙara ɓuya, ya ɗauka wutar ce ke dawowa. Ɗana na tsoron muryata." Muryar ta tashi, gilashin taga ya yi zir. "To, 'ya a bakin ɗa. Zan tafi da wannan. In kuma ka hana ni, in bar mata fuska irin tasa."

Maigida ya yunƙura, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ba ki da ko ɗaya," ya ce. "Yarinyar nan ba ta ɗaga cokali ba. Uwarta kuma ba ta gan shi ba, ba da gangan ta yi ba. An cuce ki, ban musa ba. Amma in kika taɓa ta, ke ce azzaluma, kuma zan ci gaba da karatun nan har sai ɗayanmu ya gaji. Ni ban gaji ba."

"To a ba ni idonta ɗaya."

"Ko gashin gira."

"Ta yi shekara a wurina, ta yi mini aikin da yake mini."

"Ko kwana."

Auta ta fara kuka da muryar da ba tata ba. Kukan ba na fushi ba ne. Sista ta san irinsa, ta sha jin sa a barandar asibiti, daga bakin matan da aka ce su jira a waje.

"Malam," ta ce, "ka ba ni izini in yi magana."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya gyaɗa kai.

Ta matso da gwiwoyinta. "Baiwar Allah, ni ce na yi. Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Amma aikina ke nan, yaran da suka ƙone. Yaron da wuta ta ci fuskarsa ba ya nisa, balle wanda ba ya gani. Wuri mai sanyi yake nema, mai duhu, kusa da ruwa, ya lafe. Kin duba ko'ina a gidan nan?"

"Ko'ina. Har cikin bututun ruwa. Sai ɗaki ɗaya. Tsohuwar can ta katange shi da karatu, ko kusa ba na iya zuwa."

Duk suka juya ga Kaka. Carbinta ya tsaya a hannu.

"La ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Ni fa kwanakin nan ina jin kamar shessheƙa a bayan tuluna. Na ce kunnen tsufa ne. Ruwan ma raguwa yake ban sha ba."

"Ta yaya ya shiga inda uwarsa ta kasa?" maigida ya tambaya.

"Shi bai zo da sharri ba," in ji Malam.

Aljanar ta ce a buɗe mata hanya ta shiga. Malam ya ce a'a, katangar nan ba za a taɓa ta ba. Sai Sista ta miƙe.

Ɗakin Kaka duhu ne, sai ƙamshin man zafi da tsohon turare. Ba ta kunna fitila ba. Ta yi bisimillah, ta durƙusa a gaban tulun. Ba ta ga komai ba. Amma iskar wurin tana motsi, kamar numfashin wanda ke ƙoƙarin kada a ji shi.

Ta yi magana da muryar da take yi wa yaran ɗakinta idan za a sauya musu bandeji. "Sannu, ɗan yaro. Sannu. Na san da zafi. Ba wuta kuma, an kashe ta. Mamanka na waje, ita ce ke ta kiranka. Zo in kai ka."

Ta miƙa hannu cikin duhun, ta jira. Ta daɗe tana jira. Can sai ta ji wasu 'yan yatsu, sanyi kamar ƙanƙara, jiƙaƙƙu, sun laluba tafin hannunta, sun hau, sun kama wuyan hannun. Tsigar jikinta ta tashi gaba ɗaya. Ba ta fizge ba. Ta miƙe a hankali, ta taka zuwa ƙofa, tana rage tsawon takunta.

Waɗanda ke falo suka ga ta fito ita kaɗai, hannunta ɗaya a ƙasa, kamar mai jan ƙaramin yaro.

Auta ta tashi zaune. Bakinta ya tattaru zai yi fito, sai ya fasa. Maimakon haka wani sauti ya fito, can ƙasa, marar kalmomi, irin wanda uwa ke yi wa jariri a kafaɗa. Yatsun suka saki hannun Sista. Aka ji sawun ƙananan ƙafafu a kan tayil, da sauri, sannan hannayen Auta suka rungume abin da ba wanda ya gani.

Ba wanda ya yi motsi. Har Malam sai da ya cire tabarau ya goge.

"Kin samu naki," ya ce daga baya. "Saura ki saki nasu."

"Da sharaɗi. Ƙarfen can kada ya sake fito a bakin magariba."

Malam ya dubi Sista, ta ce ta yarda. "Wannan mai sauƙi ne," ya ce. "Nawa sharaɗin shi ne ki rantse da wanda ya halicce ki ba za ki dawo jikinta ba, ke ko wani naki, kuma ba jifa, ba tsoratarwa."

Ta rantse. Ya sa ta maimaita, ta maimaita. Sannan idanun suka koma kan Sista, suka daɗe.

"Na tafi," muryar ta ce. "Amma ban yafe ba."

"Na sani," in ji Sista.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale kan tabarma. Labulen falo ya ɗaga, alhali taga a rufe take, ya koma ya kwanta. Malam ya tofa a ruwan gorarsa, aka shafa mata a fuska. Da ta buɗe ido, nata ne. Ta dubi kakarta, ta ce da dasasshiyar murya, "Kaka, me ya sa kike kuka? Bakinki ba ya kyau da kuka." Kaka ta kai mata dundu, ta rungume ta.

Gidan ya koma daidai sannu a hankali. Aka share tsakuwa. Sista ta koma yin girki da sassafe kafin ta fita, ta bar tukunya ta huce da kanta, da yamma sai ɗumame. Auta ta koma makaranta, kumatunta suka ciko. Ba ta taɓa maganar kwanakin nan ba, iyayenta kuma suka ɗauka ba ta tuna komai, suka gode wa Allah.

Sai wata safiya, suna kicin su biyu, Auta na yanka albasa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Na gan shi fa, Umma."

Hannun Sista ya tsaya a kan famfo.

"Lokacin da ya zo jikina. Ɗan ƙarami ne, bai kai ɗan makarantar raino ba. Gefen fuskarsa duk ya saluɓe. Kafin su tafi ya shafa fuskata da hannu, ya yi mini raɗa."

"Me ya ce?"

"Ya ce shi tun da ya shigo ya gane ba mamansa ba ce. Ƙamshi ne ya hana shi tafiya, bai taɓa jin irinsa ba. Shi ya sa ya matso kusa." Auta ta goge ido da bayan hannu. "Ya ce in tambaye ki me kike dafawa ranar."

Sista ta zauna a kan 'yar kujerar kicin, ruwa na ta zuba a famfo, har sai da Auta ta zo ta rufe shi.